Ganuwa Biyu: Bukukuwan Fina-finan Masu Neman Jinsi Ɗaya da Tarihin 'Yan Daudu a Kano

A watan Maris na 2024, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin shugabancin Abba El-Mustapha, ta sanar da haramta shirya fina-finan da ke nuna daba da daudu. A cikin wannan watan ne kuma Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta gudanar da BFI Flare a Landan, wato bikin shekara-shekara na fina-finan da suka shafi masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi, wanda aka fara tun 1986. Wuri ɗaya ana sayar da tikiti domin a ga waɗannan mutane a allo, ɗaya wurin kuma ana goge ko da inuwarsu daga allon.

Babu irin wannan biki a Kano, doka ba ta bar masa ƙofa ba, kuma mafi yawan jama'a ba sa son sa. Duk da haka sanarwar ta 2024 tana ɗauke da wata shaida ta tarihi, domin hukuma ba ta hana abin da babu shi. Kafin a ga buƙatar cire ɗan daudu daga fim, sai da ya daɗe a cikinsa. Kafin ya shiga fim kuwa, ya daɗe a tasha da kasuwa da gidan biki, kowa na ganinsa. A Hausa, ganuwa tana nufin a ga abu a fili, tana kuma nufin katangar da ta kewaye birni. Tarihin wannan batu a Kano ya ratsa ma'anonin biyu.

Inda bikin ya samo asali

Daga 1934 zuwa 1968, masana'antar fim ta Hollywood tana aiki ne da wata ƙa'idar tacewa da ake kira Hays Code, wadda ta hana nuna duk wata alaƙa tsakanin jinsi ɗaya. Masu shirya fim suka koma ga hannunka-mai-sanda. Idan irin wannan mutum ya bayyana, to ko dai abin dariya ne, ko mugu, ko kuma wanda zai mutu kafin fim ya ƙare. Vito Russo ya tattara wannan tarihi a littafinsa The Celluloid Closet na 1981.

Martani ga wannan hoto shi ya haifi bikin. A watan Fabrairun 1977, wasu matasa masu ƙananan kyamarori a San Francisco suka rataye zanen gado a bangon wani zaure, suka haska gajerun fina-finansu a kai. Taron shi ne ya girma ya zama Frameline, mafi daɗewa cikin irin waɗannan bukukuwa a duniya. Landan ta biyo baya a 1986, a 1987 kuma aka fara bayar da kyautar Teddy a gefen bikin fina-finai na Berlin.

Ayyukan da bikin ke yi a bayyane suke. Yana samar wa fim kasuwa, domin dillalai da masu rarrabawa suna zuwa neman haja. Yana adana tarihi, domin fim ɗin da ba a haska ba ɓacewa yake yi. Mafi nauyi kuma, yana tara mutane a zaure ɗaya, wanda ya zaci shi kaɗai ne a gari ya waiga ya ga ɗaruruwa irinsa, 'yan jarida su ma su ƙirga. A shekarun 1980, lokacin da cutar ƙanjamau ke kashe dubban maza a Amurka da Turai gwamnatoci na jan ƙafa, waɗannan zaurukan sun zama wurin makoki da wayar da kai.

Sai dai akwai abin da ake yawan mantawa. Jihar Kalifoniya ta soke hukuncin laifi a kan wannan alaƙa daga farkon 1976, shekara guda kafin a rataye zanen gadon. Ingila ta sassauta tata dokar tun 1967. A mafi yawan wurare, doka ce ta fara buɗe ƙofa sannan biki ya shiga.

Afirka da ƙasashen Musulmi

Haka abin ya kasance a Afirka ta Kudu. Kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya da ya fara aiki a Afrilun 1994 ya hana nuna wariya saboda jinsin da mutum ke nema, a shekarar kuma aka fara bikin Out in Africa, wanda ya yi kimanin shekara ashirin ana gudanar da shi. A Indiya, Babbar Kotun Delhi ta rage ƙarfin sashe na 377 na kundin laifuffuka a 2009, a 2010 aka buɗe bikin KASHISH a Mumbai. Kotun Ƙoli ta dawo da sashen a 2013, bikin ya ci gaba, har kotun ta sake soke shi a Satumbar 2018.

Inda doka ko jama'a ba su amince ba, labarin ya sha bamban. A Jakarta, babban birnin ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, an fara Q! Film Festival a 2002. A 2010 ƙungiyar FPI ta yi zanga-zanga a ƙofar cibiyoyin da ke haska fina-finan, a 2017 masu shirya bikin suka dakatar da shi. A Kamfala an fara wani a 2016, ana ɓoye wurin taro sai ga waɗanda aka tantance, amma a Disambar 2017 'yan sanda suka rufe shi. A 2023 kuma Yuganda ta kafa dokar da ta tanadi hukuncin kisa a wasu yanayi. A Tunis, ƙungiyar Mawjoudin ta fara nata a Janairun 2018 alhali sashe na 230 na kundin laifuffukan Tunisiya na tanadar ɗaurin shekara uku. A Kenya hukumar tacewa ta hana Rafiki na Wanuri Kahiu a 2018, sai kotu ta ɗage hanin na kwana bakwai kacal a watan Satumba, gidajen kallo na Nairobi suka cika.

Biki irin wannan, ke nan, yana buƙatar zaure, da izinin hukuma, da tabbacin cewa wanda ya shiga zai fita lafiya. Inda babu na ƙarshen, taron da aka ƙirƙira domin a fito fili kan koma taron sirri, ya ci karo da dalilin kafa shi.

Bayan ganuwar Kano

Turawan mulkin mallaka, bayan sun ci Kano a 1903, sun raba garin kashi-kashi. Birni na cikin ganuwa ƙarƙashin Sarki da alƙalai. Nassarawa da Bompai na Turawa da ofisoshinsu. A Nassarawa ne Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Sabon Gari kuma, tun wajen 1913, na baƙi ne daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Daga wannan rabo aka sami kalmar waje, da kuma wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: abin da birni ba zai ɗauka ba, waje yana iya ɗauka.

Silima ta bi wannan taswira. Rex, wadda aka buɗe a 1937, tana waje ne. Gobarar El Duniya ta 1951, wadda ta kashe mutum fiye da ɗari uku, mutane da yawa sun fassara ta da fushin Allah. Lokacin da aka gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950, malamai sun yi tir. Tun daga nan gidan kallo ya sami sunan wurin 'yan iska, matar kirki ba ta zuwa.

Badawa, da ke ƙaramar hukumar Nassarawa daf da rukunin gidajen gwamnati na da, magajiyar wannan tsari ce. Unguwa ce ta waje da ta girma da mutane daga ƙabilu da addinai daban-daban, da masallatai da majami'u, da otal-otal da wuraren shaƙatawa, sunanta kuma yakan fito a labaran samamen Hisbah kamar yadda na Sabon Gari ke fitowa. Da Kano na da wurin da taro irin na Tunis ko Kamfala zai nemi fakewa, irin wannan unguwa ce. Rashin yiwuwarsa ko a nan shi ne ma'aunin yadda tsohuwar yarjejeniyar birni da waje ta tsuke.

A cikin waccan yarjejeniya ce 'yan daudu suka rayu. Masana da dama na danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori, domin Daudu laƙabin Galadima ne. Sana'arsu sananniya ce: tuwo-tuwo da soye-soye a tasha da kasuwa, hidimar biki, da zama 'yan aike a gidajen mata masu zaman kansu. Suna da bukukuwansu na ajo, da makaɗa, da katin gayyata, da liƙi. Malamai da marubuta sun soke su, har Aƙilu Aliyu ya yi waƙa sukutum a kan ɗan daudu yana zarginsa, amma sukar kanta shaida ce cewa a fili suke.

Rudolf Gaudio, masanin harshe da al'ada da ya yi bincike a Kano tun farkon shekarun 1990, ya nuna a littafinsa Allah Made Us na 2009 cewa daudu da luwaɗi ba abu ɗaya ba ne. Daudu salo ne na magana da motsi da sana'a, wanda ido ke gani. Da yawa daga cikin 'yan daudu sun yi aure sun haifi 'ya'ya, wasu sun je Makka. Akwai kuma maza masu neman maza da ba su da ko alamar daudu, waɗanda ke kiran abin da harka, su rufa wa juna asiri. Ɗan daudu ana ganinsa ba a tambayar sirrinsa. Mai harka kuwa ba a ganinsa sam. Wannan tsari ya saɓa da na San Francisco, inda manufar ita ce mutum ya faɗi sirrinsa da bakinsa, ya mai da shi suna da haƙƙi.

Ɗan daudu a kaset

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara ne a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya bunƙasa har Sangaya ya cika gari a 1999. Kaset ya yi abin da silima ta kasa: ya tsallake ganuwa, ya shiga ɗakin matar aure. Ɗan daudu ya shiga tare da shi, musamman a fina-finan barkwanci da ake kira camama. Marigayi Rabilu Musa, Ɗan Ibro, ya fito a Ibro Ɗan Daudu a 2002, fim ɗin da Gaudio ya yi nazarinsa.

Hoton da kaset ya bayar ya yi kama da na Hollywood a zamanin tacewa: karairaya, tafa hannu, habaici, kwaɗayi, a ƙarshe kuma kunya ko tuba. 'Yan wasa ne ke kwaikwayon 'yan daudu domin a yi dariya, ba 'yan daudu ne ke ba da labarinsu ba. Amma dariyar tana tafiya ne a kan sanayya. Mai kallo ya san irin mutumin, wataƙila a wurinsa yake sayen abinci a tasha.

Shekarar 2000 da abin da ya biyo baya

Hukunta luwaɗi ba da Shari'ar 2000 ya fara ba. Fiƙihun Malikiyya ya tsananta a kansa tun asali, dokar boko ma haka. Kundin Penal Code na Arewa, wanda aka zartar a 1959, an gina shi ne a kan na Sudan, shi kuma a kan na Indiya na 1860, don haka sashe na 284 da ke tanadar ɗaurin shekara goma sha huɗu ɗan uwa ne ga sashe na 377 da Indiya ta soke. Sashe na 405 kuma ya sanya namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan gararamba. Abin da ya sauya a 2000 shi ne ƙarfin aiwatarwa.

Kano ta ƙaddamar da Shari'a a watan Yunin 2000 a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso. A shekarar aka kafa dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala, wadda ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira dubu goma ga namijin da ke kwaikwayon mata a shiga ko ɗabi'a. A Disamba aka dakatar da harkar fim baki ɗaya, a 2001 aka kafa hukumar tacewa, a 2003 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ba Hisbah doka da hukuma. An rufe gidajen mata da dama, hanyar abincin 'yan daudu da yawa ta toshe.

Shekarar 2007 ta nuna sabon matsayin kyamara. A Afrilu, labari ya bazu cewa wata mai shirya wasanni a Kano ta auri mata huɗu. Aka rushe dandalin da aka yi taron, ita kuwa ta musanta, ta ce bikin tara gudummawa ne. A Agusta aka kama maza goma sha takwas a wani otal a Bauchi bisa zargin shigar mata. A watan ne kuma bidiyon sirri na wata 'yar wasa ya yaɗu ta wayoyin hannu, abin da ya kai ga dakatar da ɗaukar fim na watanni da naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa. A zamaninsa kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure 'yan fim, ciki har da Ɗan Ibro a 2008. Na'urar da a wasu ƙasashe ta zama hanyar fitowa fili, a nan ta zama hujjar gurfanarwa.

A ranar 7 ga Janairu, 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi ɗaya: shekara goma sha huɗu ga masu auren, shekara goma ga wanda ya kafa ko ya tallafa wa ƙungiya ko taro na irin waɗannan mutane, ko ya nuna soyayyar a fili. Dokar ta sami goyon baya mai yawa. Binciken cibiyar Pew na 2013 ya nuna kashi 98 cikin ɗari na 'yan Najeriya ba su yarda al'umma ta karɓi wannan ɗabi'a ba. Makonni bayan sa hannu, gungun mutane suka yi jifa a wata kotun Shari'a a Bauchi suna neman a ba su waɗanda ake tuhuma, aka kuma yi wa wasu maza dukan kawo-wuƙa a unguwar Gishiri ta Abuja. Wani bincike da mujallar Lancet HIV ta buga a 2015 ya gano cewa tsoron zuwa asibiti a tsakanin irin waɗannan maza a Abuja ya tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. Ga likita, wannan lissafi ya wuce su kaɗai, domin da yawansu suna da mata a gida.

Masu shirya fim a Legas suka nemi wata hanya. Ìfé, wanda Pamela Adie ta ɗauki nauyi Uyaiedu Ikpe-Etim ta ba da umarni, bai shiga gidan kallo ba bayan gargaɗin hukumar tacewa ta ƙasa. A intanet aka sake shi a Disambar 2020. A 2023 fim ɗin Babatunde Apalowo, All the Colours of the World Are Between Black and White, ya ci kyautar Teddy a Berlin. Bukukuwan ƙetare sun ba fim ɗin Najeriya allo da lambar yabo, sun kuma ƙarfafa zaton da ya riga ya kafu a gida cewa abin baƙo ne da Turawa ke turowa. Ɗan daudun tasha, wanda bai taɓa jin sunan Teddy ba, shi ke biyan kuɗin wannan zato.

Abin da tarihin ya bari

Wanda ya ce wannan al'amari jiya ya shigo da intanet, tarihin bori da tashoshin mota da kasetin 2002 sun ƙaryata shi. Wanda kuma ya ce maganin a kwafo bikin San Francisco a kafa a Nassarawa, bai karanta abin da ya faru a Kamfala ba, bai kuma lura da cewa mutanen da yake son bayyanawa sun gina rayuwarsu ne a kan rufin asiri ba.

Tambayar da ta rage ta cikin gida ce, kuma fiƙihu ya riga ya yi magana a kanta. Hukuncin luwaɗi a Musulunci sananne ne. Sananne ne kuma cewa Malikiyya ba ta tabbatar da shi sai da shaidu huɗu da suka gani da ido ko iƙirarin mai laifi; cewa Suratun Nur ta yanke bulala tamanin ga mai ƙazafi; cewa Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane. Imam Gazali, a Ihya'u Ulumiddin, ya sa sharaɗi ga mai hisba cewa abin ƙin ya kasance a bayyane ba tare da leƙen asiri ba. Waɗannan ƙa'idoji katanga ce da aka gina domin kare mutuncin kowa, mai laifi da marar laifi, daga zato da taron dangi.

A Disambar 2022 Hisbah ta kama mutum goma sha tara a wani ɗakin taro a Kano bisa zargin halartar auren jinsi, ta ce nasiha za ta yi musu. A irin wannan kame, a Kano da sauran jihohi, labari da hotuna sukan riga alƙali isa ga jama'a, ta Facebook da TikTok da WhatsApp, inda babu shaidu huɗu, babu ɗaukaka ƙara, babu gogewa. Lauya da ɗan jarida da malamin makaranta da likita, ko mene ne ra'ayinsu game da ɗabi'ar, su ne za su yanke ko za a ci gaba da ɗaukar bidiyon waya a matsayin hukunci. Hukumar tacewa na da ikon cire ɗan daudu daga fim. Allon da ke hannun kowa a Badawa da cikin birni ba ya bi ta ofishinta, kuma fuskar da ke kansa ta mutum ce mai uwa da 'ya'ya da maƙwabta.